Shekarata 26 amma jikina kamar na mai 40: tsufa ne ko ciwo?

Maman Walida ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Na daɗe ina leƙowa nan ina karatu ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai na ce bari in fito da abin da ke cina, ko Allah zai sa a samu mai ba ni haske.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Taura, ba nisa da Gujungu. Shekarata 26, an yi min aure ina da 18 bayan na gama sakandare. Haihuwata uku, da ɓari ɗaya a tsakani. Babban shekararsa 6, mai bi masa, Walida, shekararta 2 da wata ɗaya, na goye kuma watansa 7. Duk wadda ta yi lissafi ta san kwanika na yi. Walida tana da wata 9 na samu ciki, ban ma farga ba sai da ya kai wata uku, aka yaye ta ba shiri.

Makon jiya muka je biki Ringim, na ƙanwar maigidana. A can na haɗu da ƙawata da muka yi aji ɗaya, benci ɗaya muke zama. Ita tana aure a Kano, ɗanta ɗaya. Muka rungume juna, muka yi hoto a wayarta. Muna zaune sai ga wata yarinya daga dangin ango, ta ce mata “Anti ina wuni”, ta juyo ta durƙusa min har ƙasa ta ce “Inna ina wuni”, sannan ta tambayi ƙawata wai ko gwaggonta ce ni. Yarinyar ba ta yi da wata manufa ba, ladabi ne irin na 'ya'yan kirki. Amma wata huɗu kacal na ba ƙawar nan. Da daddare ta turo min hoton, na daɗe ina kallonsa. Kumatuna sun zurma, ƙasan idona ya yi baƙi, ƙashin wuya a waje, gashin gaban goshi ya ja baya. Sai da na yi hawaye, na juya wa maigida baya don kada ya ji.

Da fuska ce kaɗai da ban dame ku ba. Tun da na gama wanka ban koma daidai ba. In na miƙe daga bakin murhu sai in ga duhu, sai na dafa bango. In na ɗauko bokiti ɗaya daga famfon tuƙa-tuƙa, kafin in kai gida ƙirjina na bugawa kamar na yi gudu, ina haki. A da ina yin sawu shida ban zauna ba. Bayana kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa kullum cikin ciwo yake, musamman ranar da na yi surfe ko wanki da goyo. Gashi in na tsefe sai ya cika min hannu, ranar nan ma mai kitso ta ciro min furfura uku ta ɗora min a tafin hannu. In na yi asuwaki dasashina na jini. Ga faso a dugaduge tun da iskar ɗari ta fara kaɗawa. Akwai kuma wani abu da nake jin nauyin faɗa: ina kwaɗayin farar ƙasa. Na zaci da ciki ya tafi shi ma zai tafi, amma har yau in an yayyafa ruwa a tsakar gida ƙamshin ya tashi sai yawuna ya tsinke, ina kuma ɓoye ƙullinta a ƙasan akwati.

Ina yin awara ta sayarwa a cikin gida, kwano biyu na waken suya kullum. Don haka ina jiƙa wake da daddare, a kai niƙa da sassafe, in tace, in dafa, in soya, ga girkin gida na mutum tara ranar da ni ke da aiki, don gidanmu ɗaya da surukata da matar wan maigida. Don ciwon bayan, ina aikawa kemis a haɗo min magani, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ban san sunansu ba. In na sha ina jin sauƙi, amma kwanan nan yana sa min zafin ciki.

Maƙwabciyata da ta ga hoton ta ce abu mai sauƙi ne. Wai in sayi sha-ka-fashe, maganin ƙiba, in sha na wata ɗaya kumatuna za su ciko, in haɗa da wani mai da take shafawa, kafin Sallah ba mai gane ni. Har na ware kuɗin daga cinikin awara, suna nan a gwangwani, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Abu ɗaya zan ƙara, don kada ku zaci rayuwata duk kuka ce. Ina da lokacina. Bayan sallar asuba, kafin yara su farka, nakan hura 'yar wuta da kara in dafa shayi da citta da kanumfari, ba madara, sukari cokali ɗaya. In kifa turmi in zauna a kai, in rufa da zane, in kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Bishiyar zogalen da na dasa da hannuna shekarar da na tare tana bayan ɗakina, tsuntsaye na sauka a kanta a wannan lokacin. Ba mai kiran sunana, ba mai cewa Mama ba ni. Wallahi wannan kofin ya fi min komai daɗi a yinina. Daga shi ne ma na saba, yanzu in na ci abincin rana sai na kora da shayi, na dare ma haka.

To tambayata: wannan tsufa ne ya zo min da wuri, irin na matan ƙauye da ake faɗa, in haƙura? Ko ciwo ne da ke da magani? Kuma maganin ƙibar nan, akwai wadda ta taɓa sha ta faɗa min gaskiya?

Iyan Ɗambatta ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ke rubuta min, ni ke faɗa. Shekarata ta kusa 60, na haifi tara, bakwai na raye, don haka zan iya ce miki ba ki ga tsufa ba tukuna. Tsufa ba ya zuwa da jiri da haki a shekara 26. Abin da ke jikinki gajiya ce ta taru, haihuwa kan haihuwa, jiki bai huta ba.

Mu a zamaninmu in mace ta haihu, musamman na fari da na biyu, gida ake kai ta. Kwana arba'in ba ta daka ba ta surfe, ba ta zuwa rijiya. A yi mata kauri, a dafa mata ƙafar sa da yaji, ta sha kunu ta kwanta. Goyo kuma sai ya shekara biyu kafin a yaye, wadda ta yi kwanika har waƙa ake mata a dandali. Ba na cewa waƙar daidai ce, amma tazarar tana da amfani, Alƙur'ani ma shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa. Yanzu sai in ga yarinya kwana goma da haihuwa tana tuƙa tuwon gandu.

Tambaya ɗaya zan miki, ki ba kanki amsa. In kin sauke tukunya, wa ke ci a ƙarshe? Na san amsar, don ni ma na yi. Ki zuba na maigida, ki zuba na surukarki, na matar wa, na yara, na almajiri, ke kuma ki kankare ƙanzo ki ci a tsaye da guntun miyar da ba ta da komai. Nama in ya shigo gidan, ƙashi ne rabonki. Awarar ma da kike soyawa, na tabbata gutsattsarin da ba a saya kike ci. Alhali ke ce mai shayarwa, mutum biyu ke ci a jikinki. Daga yau ki fara ɗibar naki ki rufe kafin ki raba, ba rowa ba ce ba kuma rashin kunya ba. Ga zogale a bayan ɗakinki, ki yi kwaɗonsa da ƙuli da tumatir da albasa. Ga wake, ga gero sabo an shigo da shi, ki dama fura da nono mai kyau ki sha da hantsi. Kunun kanwa ma ki koma masa, yana gyara mai jego.

Furfura kuwa kada ta ɗaga miki hankali, gado ce. Ki duba gidanku za ki ga mai irinta. Ni tawa ta fito ina goyon na uku, ga ni nan har yau ina zuwa gona tsinkar wake. Ki ce wa mai kitso ta daina ja miki gaban goshi, a yi miki manya guda huɗu ko shida, kitson ƙanana mai tsauri shi ke cinye gaban kai. Faso kuma ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da daddare, ki goge da dutse, ki shafa man kaɗanya ki sa safa ki kwana.

Zaman nan naki na asuba ya tuna min nawa. Ni kaɗi nake yi, da mazari da alli, bayan isha'i in kowa ya kwanta, da ɓarin goro a bakina. Zaren ba wani kuɗi yake kawowa ba, amma da shi na riƙe hankalina shekarun da gidan ya yi min zafi. Kada ki bari kowa ya raba ki da naki. Allah ya raya miki zuri'a.

Sista Ungozoma ta amsa:

Maman Walida sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Birnin Kudu, kuma irin labarinki kusan kowace ranar awo sai na ji shi. Ba zan iya gane ciwo daga rubutu ba, amma abubuwan da kika lissafa, jiri in kin miƙe, haki da bugun ƙirji kan aikin da kika saba yi, da kwaɗayin farar ƙasa, duk suna nuna ƙarancin jini. Kwaɗayin ƙasar nan ba abin kunya ba ne, alama ce sananniya ta cewa sinadarin ƙarfe ya yi ƙasa a jiki, kuma sau da yawa in jinin ya dawo sai ki neme shi ki rasa. Matsalar ita ce ƙasar kanta tana hana hanji tsotse sinadarin daga abinci, tana iya kawo tsutsar ciki, sai abin ya zama ana ƙara rami.

Ki duba yadda aka yi. Kowane ciki yana ɗibar ƙarfe daga jikin uwa ya gina jinin jariri da mabiyiya, wurin haihuwa a zubar da jini, ɓari ma haka. Jiki na buƙatar lokaci ya mayar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Ke wata 9 kika samu. In an haɗa da zazzaɓin sauro na damina, wanda shi ma fasa ƙwayoyin jini yake, ba abin mamaki ba ne.

Ki je asibiti mafi kusa a cikin makon nan ki ce a auna miki jini. Ɗan tsira yatsa ne, ba ya ɗaukar lokaci. Macen da ba ta da ciki ana son ma'aunin ya kai 12, in kuma da ɗaya ma'aunin jinin da ake kira PCV aka auna, wajen 36. A auna miki hawan jini, a duba zazzaɓi, a ba ki maganin tsutsa in ya kama. In jinin ya yi ƙasa za a ba ki jar ƙwayar nan da ake bayarwa a awo. Na san mata da yawa suna watsar da ita saboda tana sa tashin zuciya ko taurin bayan gida, ko su ga bayan gida ya yi baƙi su tsorata. Baƙin ba komai ba ne, aikin maganin ne. Kuma ba maganin kwana uku ba ne, ana shansa wata uku ko fiye, ko da kin fara jin ƙarfi.

Haɗin kemis ɗin nan ki dakata da shi. Yawanci akwai irin su diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci biyu a ƙulli ɗaya, wani har da dexa, maganin da ake ba masu asma. Su ne ke sa miki zafin ciki, in aka daɗe kuma suna kawo gyambon ciki mai tsiyayar da jini a hankali ba ki sani ba. Mai ƙarancin jini ba ta buƙatar wannan. Paracetamol ba ya cutar da mai shayarwa in an sha yadda aka tsara. Bayan kuma, ki samu kujera 'yar tsugunne ki ɗora bahon wanki a kan wani abu mai tudu, ki sauke goyo in za ki yi surfe, in za ki ɗaga bokiti ki durƙusa da gwiwa ki miƙe da shi maimakon ki sunkuya da ƙugu.

Zubar gashi tana farawa wajen wata uku zuwa huɗu bayan haihuwa ga mata da yawa, kuma yakan dawo kafin yaro ya shekara. Ƙarancin jini na iya ja masa lokaci. Dasashi kuma ki samu buroshi mai laushi, in bai daina ba a duba miki.

Iya, Allah ya ƙara girma, duk abin da kika faɗa na sa hannu, musamman maganar cin abinci a ƙarshe. Wuri ɗaya zan roƙi afuwa, kunun kanwa. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana tara ruwa a jiki tana ɗora wa zuciya nauyi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta. Har yau likitocin zuciya a Kano suna ganinsa. Kunun gero da gyaɗa ko na tsamiya ya wadatar. Maman Walida, saboda wannan ne zan ce: in kika ga ƙafafunki sun kumbura, ko ba ki iya kwanciya rigingine sai kin jingina, ko tari na tashinki da daddare numfashi na sarƙewa, kada ki jira ranar kasuwa, ki tafi babban asibiti a ranar.

Saura magana biyu. Shayarwa na hana ɗaukar ciki ne kawai in yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha, kuma al'ada ba ta dawo ba. Naki ya kai 7, don haka abin da ya faru lokacin Walida zai iya maimaituwa. Ki zauna da maigidanki. Akwai allurar wata uku, akwai ashanar hannu ta shekara uku ko biyar da ake cirewa duk ranar da aka so, kuma ba sa hana shayarwa.

Ta biyun ita ce shayi. Ganyen shayi na ɗauke da wani sinadari da ke kama ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya hana shi shiga jini, in an sha tare da abinci. Lemo da goba da tumatir kuma akasin haka suke yi, suna taimaka masa ya shiga.

Maman Walida ta amsa:

Iya na gode, Allah ya saka da alheri. Kamar kina leƙen gidanmu. Jiya ma ƙanzo na ci, sai da na karanta maganarki na tuna.

Sista na gode ƙwarai, na karanta sau uku. Na ja fatar idona ta ƙasa na duba a madubi, fari fat take. Zan je. Amma maganar shayin nan ta taɓa ni. Komai kika ce zan yi, in bar haɗin kemis, in zubar da farar ƙasa, in sha jar ƙwaya ko wata nawa ne. Shayin asubar nan dai, shi ma sai na bari? Ban san yadda zan faɗa miki ba. In babu shi, daga buɗe ido har rufewa ba ni da wani abu da yake nawa ni kaɗai.

Sista Ungozoma ta amsa:

A'a ƙanwata, ban ce ki bar shi ba, kuma da kin bari da ni zan fara yi miki faɗa. Na asuba ba ki haɗa shi da abinci, ɗumame sai can hantsi kike ci, to ba abin da zai kama. Waɗanda kike korawa da su bayan tuwo su nake nufi. Ki bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da shayi, kuma kada ki haɗiyi jar ƙwayar da shi. Ki sha ta da ruwa da daddare, in da ɓarin lemo ki matsa a ciki.

Na tsaya a kan maganarki ta ƙarshe. Hawayen da kika yi kan hoto kowa zai iya yi. Amma in kika ga kwanaki na wucewa har mako biyu ba ki jin daɗin komai, ko shayin ma ya daina yi miki daɗi, barci ya ƙi ko da yaro ya yi, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Ciwon damuwa bayan haihuwa gaskiya ne, ba raki ba ne, kuma ana maganinsa.

Ummu Haidar ta amsa:

'Yar uwa ni zan ba ki amsar maganin ƙiba, don na sha. Ina zaune a wani gari a ƙasar Bichi, shekarata 29. Bayan haihuwata ta biyu na rame sosai, a gidan suna wata ta ce min kamar an tsamo ni daga rijiya. Abin ya tsaya min. Wata mai kawo kayan mata gida-gida ta sayar min, ƙananan ƙwayoyi farare da wani na ruwa a kwalba. Satin farko na ji daɗi, ci kamar me, barci kamar me. Wata ɗaya fuskata ta cika, kowa na cewa hutu ya karɓe ni.

Wata biyar na yi ina sha. Fuskar ta zama zagaye kamar faifai, wuya ya yi tozo ta baya, ciki ya fito, amma hannuwa da ƙafafu suna nan sirara, ƙarfinsu ma raguwa ya yi, in na tsuguna da ƙyar nake tashi. Nankarwa ja manya-manya ta fito min a ciki da cinya da hammata, ga ƙuraje. Ciwon kai ya kai ni asibiti, aka auna aka ce jinina ya hau, sukari ma ya fara hawa. Likita na ganin fuskata ya ce me kike sha. Ashe dexa ce, maganin da ake ba masu asma da wasu cututtuka na ɗan lokaci. Abin da na zaci ƙiba ce, ruwa ne da kitse da suka taru inda bai kamata ba. Kuma ya ce kada in kuskura in daina rana ɗaya, don jiki ya riga ya saba, yankewa kwatsam na iya kayar da mutum. A hankali aka riƙa rage min har na rabu da ita. Na faɗi wannan ne saboda duk wadda ke karantawa tana sha yanzu, ta je asibiti a rage mata, kada ta watsar da kanta.

Yau shekara biyu ke nan. Kumburin ya tafi, nankarwar tana nan, ba za ta tafi ba. Duk lokacin da ake shansa kuma ina shayarwa, wannan ne abin da ya fi damuna in na tuna.

Man ma ki bar shi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan mayukan bilicin, wasu da irin wannan sinadarin na dexa a ciki, wasu da wanda ke taɓa ƙoda. Ke da kike goyo, fatarki na manne da ta jariri yini guda.

Kuɗin gwangwanin nan ki sayi hanta da ƙwai. In ya yi saura ki sayi lalle. Ni yanzu daren Juma'a nake ƙunshi, in yara sun yi barci in kwaɓa in ɗaure ƙafa da leda in kwanta, da safe in kwance in ga ya kama jawur. Maigida ya lura ko bai lura ba, ni dai ina kallon ƙafata ina jin daɗi har mako ya zagayo.

Amaryar Gumel ta amsa:

Ina bin zancen nan ina ta kuka, don kamar ni aka rubuta, har farar ƙasar. Ni cikina wata shida, jar ƙwayar da aka ba ni a awo tana nan a leda ban taɓa ba. Yau zan fara. Sista, mai ciki ma ma'aunin 12 ne?

Sista Ungozoma ta amsa:

Mai ciki 11 ne, Amarya. Ki fara yau ɗin, ki kwana cikin gidan sauro, kuma in kin koma awo ki tabbatar an ba ki maganin rigakafin zazzaɓi na masu ciki.

Maman Walida ta amsa:

Assalamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata, yau kwana goma sha shida. Na nuna wa maigida abin da kuka rubuta, ya karanta da kansa. Da ya zo wurin maganar Iya ta ƙanzo sai ya yi shiru, ya ce shi bai taɓa sanin haka nake ci ba, don kullum kwanonsa a rufe yake zuwa masa. Washegari ya ɗauke ni a babur muka je asibiti. PCV ɗina 28. Hawan jini babu, ƙafa ba kumburi, an saurari ƙirjina an ce lafiya. An ba ni jar ƙwaya da maganin tsutsa, an ce in koma bayan wata ɗaya a sake aunawa.

Ranar Lahadi da ya je kasuwar Gujungu ya dawo da hanta da lemo. Na soya, na tsaya da cokali a hannu na rasa yadda zan fara ɗibar nawa, hannuna ya saba da kwanon wasu. Surukata ce ta karɓi cokalin ta zuba min da kanta, ta ce zauna ki ci a gabana. Ashe ita ma ta lura da ramata, nauyin baki ne ya hana ta magana.

Ba zan ce na warke ba. Jirin ya ragu kaɗan, hakin yana nan, ƙwayar na sa ni tashin zuciya wasu dararen. Farar ƙasar na ba matar wan maigida ta zubar, don na san ni ba zan iya ba, kuma har yanzu in an yi yayyafi a tsakar gida ina tuna ta. Maganar tazara mun fara, ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani, ya kuma ce ranar komawa zai shiga tare da ni ya ji daga bakin ma'aikaciyar. Awara na rage zuwa kwano ɗaya. Ummu Haidar, kuɗin gwangwani sun tafi inda kika ce, har da lallen, kuma na nuna wa maƙwabciyata labarinki, don ita tana sha.

Shayin rana da na dare na bari. Na asuba yana nan, yau ma na sha a kan turmina, sanyi ya sa na ƙara citta. Iya, man kaɗanyar ya yi aiki, faso ɗaya ya rage a ƙafar hagu, shi ne mai zurfin. In ci gaba da gogewa da dutse ko in bar shi ya haɗe tukuna?